Ranar 3 Ga Oktoba: Duniya Ta Rubuta Nata, Mu Wa Zai Rubuta Namu?

  Wannan karon alƙalamin ya faɗo hannunmu, mu 'yan ƙungiyar marubuta na gabashin Sakkwato, daga nan Kamarawa ta ƙasar Isa.

Duk mai buɗe Facebook da safe ya san rubutun nan mai taken "A Rana Irin Ta Yau". Wani zai jero abubuwa biyar ko goma da suka faru a duniya a kwanan wata guda, shekaru daban-daban, a danna masa alamar so, a ce Allah Ya ƙara basira, gobe kuma a sake. Yawancin waɗannan jerin fassara ce daga shafukan Turawa, shi ya sa za ka karanta na wata guda cur ba ka ci karo da sunan garinku ba. Ra'ayinmu shi ne wannan salon rubutu yana da amfani ƙwarai ga mai koyon alƙalami, amma yadda muke yin sa yanzu rabin aiki ne. Za mu ɗauki rana ɗaya tak mu gwada, ranar 3 ga Oktoba, don tana da abin da ya shafe mu kai tsaye.

Abin da jerin duniya ke kawowa

A 1932, ranar 3 ga Oktoba, Iraƙi ta fita daga riƙon Ingila, aka karɓe ta cikin ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada daga baya.

A 1935, sojojin Italiya ƙarƙashin Janar De Bono suka ƙetare kogin Mareb daga Eritiriya suka afka wa Habasha, ba tare da ko shelar yaƙi ba. Mussolini yana son rama kunyar da Habashawa suka ba Italiya a Adwa a 1896.

A 1952, Ingila ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko a wasu tsibirai da ke gaɓar Ostireliya, ta zama ƙasa ta uku mai wannan makami bayan Amurka da Tarayyar Sobiyet.

A 1990, Jamus ta Gabas da ta Yamma suka koma ƙasa ɗaya, kuma har yau wannan ita ce ranar hutun ƙasa a Jamus.

A 1993, aka gwabza a Mogadishu tsakanin sojojin Amurka da mayaƙan Janar Aidid. An harbo jirage masu saukar ungulu biyu, sojan Amurka 18 suka mutu, Somaliyawa kuwa ɗaruruwa.

A 2013, jirgin ruwa maƙare da 'yan gudun hijira, akasarinsu 'yan Eritiriya, ya kama wuta ya nutse dab da tsibirin Lampedusa na Italiya. Mutum 368 suka halaka, 155 suka tsira.

A 2015, jirgin yaƙin Amurka ya yi luguden wuta kan asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a Kunduz ta Afganistan, mutum 42 suka rasu.

Nan jerin yakan tsaya. Ga wanda ba ya shiga:

A 1808, ranar Litinin 3 ga Oktoba, bisa lissafin masana tarihin Daular Usmaniyya, birnin Alƙalawa ya faɗi. Rundunar jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda Muhammadu Bello ya jagoranta tare da Aliyu Jeɗo da Namoda, ta shiga babban birnin Gobir, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Shekara huɗu ke nan ana fafatawa tun daga Tafkin Kwatto a watan Yuni 1804. An taɓa kai wa birnin hari a baya bai ciwu ba, kuma a Tsuntsuwa, kusa da shi, jama'ar Shehu ta yi babbar asara a ƙarshen 1804, har da mahaddata Alƙur'ani kimanin ɗari biyu. Bayan faɗuwar Alƙalawa aka gina Sakkwato a 1809, daular da ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka a ƙarni na 19 ta tsaya da ƙafafunta. Kufan birnin yana nan a ƙasar Sabon Birni, a kwarin gulbin Rima. Ta fuskar yawan mutanen da rayuwarsu ta canza, wannan rana ba ta gaza samun 'yancin Iraƙi ba. Duk da haka ɗan Sabon Birni zai iya gaya maka ranar haɗewar Jamus, ya kasa gaya maka wannan.

Haɗuwar rana ba sirri ba ce

Kafin mu ci gaba, akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu kauce mata. Wasu masu irin wannan rubutu sukan rufe da cewa lallai wannan rana tana da wani sirri, ko ranar jini ce, ko ranar sa'a. Marubuci mai mutunta mai karatunsa ba ya sayar masa da wannan.

Dalili na farko lissafi ne. Kwanakin shekara 365 ne kacal, shekarun tarihi kuwa dubbai. Dole abubuwa su hau kan juna. Masana lissafi sun tabbatar da cewa idan mutum 23 suka taru a ɗaki ɗaya, yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi. To ina ga yaƙe-yaƙe da annoba da naɗin sarauta na duniya baki ɗaya? Ɗauki kowace rana ka tona, za ka cika shafi.

Dalili na biyu kalanda ce. Muhammadu Bello da Yunfa ba wanda ya san wani abu wai shi Oktoba. A wurinsu watan Sha'aban ne na shekarar 1223 bayan Hijira, ana sauran 'yan kwanaki ya raba. Shekarar Hijira takan gaza ta Miladiyya da kwana kimanin goma sha ɗaya, saboda haka idan da lissafin wata muke tunawa da Alƙalawa, wata shekarar za ta faɗo da damina, bayan wasu shekaru ta faɗo da ɗari, kuma abokan tarayyarta a rana za su zama wasu daban. Haka Habashawa: lokacin da Italiya ta shigo musu, su a kalandarsu shekarar 1928 ce. Juyin juya halin Rasha da ake kira na Oktoba, a kalandar da muke amfani da ita yau ranar 7 ga Nuwamba 1917 ya faɗo. Kenan maƙwabtakar Alƙalawa da Jamus a shafi ɗaya, takardar da muke ratayawa a bango ce ta haɗa su.

Akwai kuma haɗuwar da mutane ke shiryawa da gangan, ita ce ma ta fi cancantar marubuci ya tsaya a kanta. Sojojin Italiya sun shiga Addis Ababa ranar 5 ga Mayu 1936. Sarki Haile Selassie ya koma birnin ranar 5 ga Mayu 1941, shekara biyar cif, alhali tun watan Afrilu aka kori Italiya daga cikinsa. Najeriya ta samu 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1960, ta zama jamhuriya 1 ga Oktoba 1963, soja suka miƙa wa Shehu Shagari mulki 1 ga Oktoba 1979, aka yanke maƙwabciyarmu Zamfara daga Sakkwato 1 ga Oktoba 1996. Duk zaɓe ne na masu mulki. Jamusawa kuma sun yi akasin haka. Katangar Berlin ta buɗe ranar 9 ga Nuwamba 1989, kuma ita ce ranar da ta fi faranta musu rai, amma ba su mai da ita ranar ƙasa ba, domin a daren 9 ga Nuwamba 1938 ne 'yan Nazi suka ƙona wuraren ibadar Yahudawa suka farfasa shagunansu. Al'ummar da ta san kwanakinta tana iya duban su ta ce wannan ta dace da biki, wannan ba ta dace ba. Wadda ba ta sani ba, ba ta da abin zaɓa.

To ina amfanin jerin?

Amfaninsa shi ne yana ajiye maka abubuwa biyu da ba za ka taɓa tunanin haɗa su ba, sai ka ga ɗaya yana haska ɗaya. Aikin marubuci daga nan yake farawa. Ga misali uku daga wannan rana.

Na farko, Jamus da Gobir. An raba Jamus bayan yaƙin duniya na biyu, aka gina katanga a Berlin a 1961, ta yi shekara 28. An rubuta littattafai da finafinai ba adadi kan iyalan da katangar ta raba. Mu ma muna da ƙasar da aka raba. Bayan Alƙalawa, Gobirawa sun ci gaba da gwagwarmaya har yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya rasa ransa. Daga nan Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka zo, suka ja layi a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni ta faɗa hannun Ingila. Yau jikokin kaka ɗaya, wannan yana kashe naira, wancan yana kashe sefa. Wannan ɗansa yana koyon Ingilishi, wancan Faransanci. Tun daga 2019 kuma dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka ƙetara wannan layi suna neman mafaka a ƙauyukan jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, da yawa a gidajen dangi. Nawa ne littafin Hausa da ka karanta wanda ya ɗauki gida ɗaya da iyaka ta tsaga gida biyu ya bi shi har jikoki? Ga jigo yana zaune yana jiran mai ɗauka.

Na biyu, Lampedusa da hamadar Arlit. Italiya ta kafa doka a 2016 ta mai da 3 ga Oktoba ranar tunawa da waɗanda suka mutu a hanyar hijira, duk shekara ana taruwa a tsibirin ana jefa furanni a teku. A cikin wannan wata na Oktoba 2013, aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, a hanyar Aljeriya. Motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Hausawa 'yan uwanmu ne da talauci ya fitar da su neman na sakawa a baki. Gwamnatin Nijar ta yi makokin kwana uku. Bayan haka, wa ke tunawa da su? Ba su da rana tasu, domin ba rana ɗaya suka mutu ba, ɗaya bayan ɗaya suka riƙa faɗuwa. Waɗanda suka nutse a teku suna da kwanan wata, saboda haka suna shiga jeri duk shekara. Namu ba su da shi, sai suka faɗo daga jerin.

Na uku, Mogadishu da maganar ƙidaya. Sojojin Amurka 18 da suka mutu, an san sunan kowanne da garinsu da shekarunsa, an yi littafi an yi fim. Somaliyawan da suka mutu a wannan dare kuwa, har yau alƙaluman da ake bayarwa sun yi hannun riga da juna, daga ɗaruruwa zuwa sama da dubu. Ran ɗan Adam ɗaya ne a wurin Allah. Bambancin a wurin takarda yake: ɓangare ɗaya yana da masu rubutawa tun a daren, ɗayan ba shi da su. Mu da ke zaune a gabashin Sakkwato mun san ɓangaren da muka fi kama da shi.

Rana ɗaya, fuska biyu

Yanzu ga wuri mai santsi. Wani zai ce, ku bar Alƙalawa ta kwanta, tono ta fitina ne. Mun fahimci tsoronsa. Duk wanda ke bin mahawarar da ake tafkawa a intanet 'yan shekarun nan ya ga yadda ake ɗauko jihadin 1804 a yi makami da shi, wannan ya zagi kakannin wancan, wancan ya rama, a kuma jingina duk abin da ke faruwa a dazukanmu yau da abin da ya faru shekara fiye da ɗari biyu da suka wuce.

Mu a ganinmu shirun masu sani shi ne ya bar fili ga masu zagi. Ranar 3 ga Oktoba 1808 tana da fuska biyu, kuma mu nan muna zaune da jikokin fuskokin biyu, muna cin kasuwa ɗaya, muna auratayya, muna bin liman ɗaya. Ga wanda ya karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812, ranar buɗi ce da cikar alkawari bayan shekarun hijira da yunwa da asarar malamai. Ga Bagobirin da kakanninsa suka fita daga birnin da abin da hannu zai iya ɗauka, ranar rushewar gida ce, birnin Babari da Bawa Jan Gwarzo. Marubucin ƙwarai yana iya riƙe duka biyun a shafi ɗaya ba tare da ya yi wa kowa ƙarya ba.

Kuma idan ka shiga cikin tarihin sosai, za ka tarar ya ƙi yarda da layin da masu zagi ke ja. Malam Abdussalami na Gimbana, wanda harin da aka kai wa jama'arsa yana cikin abin da ya kunna wutar yaƙin, Ba'are ne, ba Bafulatani ba. Talakawan Hausa da yawa sun bi Shehu saboda sun gaji da haraji da ƙwace. A rundunar Yunfa a Tafkin Kwatto akwai Abzinawa, akwai ma wasu Fulani. Shi kansa Abdussalami daga baya ya saɓa da Bello, aka yaƙe shi a Kware, ya rasu a farkon 1818. Shehu ya zauna da Bawa Jan Gwarzo a Magami, Bawa ya amsa masa buƙatunsa. Mai neman labari mai jarumi fari fat da mugu baƙi ƙirin zai sha wahala da waɗannan bayanai. Mai neman labarin mutane kuwa, ya samu taska.

Abin lura ɗaya: mun san ranar faɗuwar Alƙalawa ne saboda waɗanda suka ci birnin malamai ne masu alƙalami da tawada. Bello ya rubuta, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Tazyinul Waraƙati. Labarin ɓangaren Gobir kuwa ya fi zama a baki da kirari da jerin sunayen sarakuna, har sai da wani tafinta Bafaranshe mai suna Landeroin, cikin tawagar Tilho mai shata iyaka, ya zauna da dattawan Tsibiri ya rubuta abin da suka faɗa masa, shekara ɗari bayan faruwar abin. Daga baya Abdullahi Rafi Augi ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1984 kan Gobir a kwarin Rima. Wanda ya rubuta da wuri, muryarsa ce ta fi nisa.

Yadda muke ƙirga lokaci, da abin da ke zubewa

Kada wani ya ɗauka Bahaushe bai damu da lokaci ba. Ya damu, sai dai ma'auninsa daban ne. Dubi sunayenmu: Ladi da Ɗanladi, Altine, Talatu, Laraba da Balarabe, Lami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe. Ranar mako ce muke riƙewa. Dubi Azumi da Tasalla da Anaruwa da Nomau, suna gaya maka wata ko yanayi. Shekara kuma da abin da ya faru a cikinta ake kiran ta. Tsofaffi sun gaji sunan yunwar Kakalaba ta wajen 1914. 'Yan uwanmu na Maraɗi suna kiran yunwar 1984 da El Buhari. Dattijo zai ce maka an haife shi shekarar canjin hannu, wato 1972, ko ya yi aure shekarar da naira ta fito, wato 1973, ko ya tashi daga tsohon gida shekarar ambaliyar 2010. Wannan tsari yana aiki matuƙar garin yana nan, dattawan suna nan, ana zama a gindin bishiya ɗaya ana tuna wa juna. Da gwamnati ta buƙaci kwanan wata a takarda, sai muka cika fam da 1 ga Janairu, har ka rantse rabin Arewa rana ɗaya aka haife su.

Matsalarmu yau ita ce gindin bishiyar ya watse. Ƙauyuka sun tashi, wasu mutanen suna Isa, wasu Sakkwato, wasu Nijar. Dattijon da ke riƙe da lissafin garin ya rasu a gudun hijira. Abin da ya rage a rubuce shi ne kaɗan ɗin da jaridu suka kama. Mun san ranar 27 ga Mayu 2020 an kashe fiye da mutum sittin a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. Mun san ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 an buɗe wuta a kasuwar Goronyo, fiye da mutum arba'in suka mutu. Mun san a farkon Disamba 2021 an ƙona matafiya cikin mota a wajen Gidan Bawa, 'yan sanda suka ce mutum 23, mutanen yankin suka ce sun fi haka. Mun san an sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yuli 2024, aka kashe shi a watan Agusta. Waɗannan sun shiga takarda saboda yawan adadi ko girman muƙami.

Amma kowa a nan Kamarawa da ƙauyukan da ke kewaye da mu ya san cewa a kan kowace rana guda da jarida ta ɗauka, akwai wasu da dama da ba ta ɗauka ba. Manomi biyu a gona. Amarya a hanyar kai ta ɗaki. Ranar da gari ya haɗa kuɗin da aka ɗora masa kafin a bar shi ya yi girbi. Ranar da aka rufe makarantar firamare ba a sake buɗewa ba. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, abin da ya faru a waɗannan makonni ko a Facebook bai bar sawu ba. Nan da shekara talatin, idan ɗan jikanmu ya zauna zai rubuta "A Rana Irin Ta Yau", zai samu Kunduz da adadinta da sa'ar da aka fara harbi. Garin kakarsa kuwa sai dai a ce masa, "lokacin 'yan bindiga".

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Duk ranar da aka zo maganar diyya, ko shari'a, ko kwamitin sulhu, tambayar farko ita ce yaushe, a ina, su wa. Wanda ba shi da amsa, ana iya ce masa abin bai faru ba.

Uzurori uku da muka saba ji

Wani zai ce shi marubucin ƙagaggen labari ne, soyayya yake rubutawa, tarihi aikin 'yan jami'a ne. To Bello Kagara ya gina Ganɗoki kan zuwan Turawa, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gina Shaihu Umar kan cinikin bayi ta hamada, kuma duka biyun ƙagaggu ne. Ko labarin soyayya, idan ka san cewa jarumarka ta bar garinsu ranar kasuwar Shinkafi, wato Alhamis, ana sauran kwana uku Sallah babba, gero ya fara fitar da kai, za ka ga labarin ya tsaya da ƙafafunsa fiye da na mai cewa "wata rana a wani ƙauye".

Wani zai ce akwai hatsari. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya jefa kansa ko wani cikin halaka ba. Rubutawa daban, wallafawa daban. Littafin rubutu mai bango arba'in da ke ƙarƙashin katifa ba ya buƙatar data, ba ya kuma tona asirin kowa. Kada a sa sunan mai ba da labari a intanet, kada a sa hoton wanda ke raye, kada a ambaci wanda ake zargi da kai rahoto. A adana, lokacin fitarwa zai zo.

Wani kuma zai ce mutane na fama da yunwa, kai kana maganar kwanan wata. Mu ma cikin yunwar muke. Amma ba mu da buhun hatsin rabawa, ba mu da bindiga, ba mu da kujera. Alƙalami ne a hannunmu, shi za a tambaye mu.

Aikin da muke ba juna

Muna roƙon kowane ɗan wannan zaure, ko daga Katsina yake ko Zamfara ko Damagaram ko Zangon Kumasi, ya buɗe kundin kwanakin garinsu. A kowane abu a rubuta biyar: kwanan wata na Miladiyya da na Hijira tare da ranar mako, sunan wurin daidai yadda masu wurin ke faɗa, abin da ya faru cikin jimla uku ba ado, adadi, tare da faɗin ko ƙirgawa aka yi ko ƙiyasi, sai ta wace hanya labarin ya iso, gani ko ji. Idan mutum biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun. Idan dattijo ya ce "ranar kasuwa ce, sati biyu bayan Sallah ƙarama", wannan ya isa a gano ranar da manhajar juya kalanda da ke cikin waya.

Kada kundin ya zama na makoki kaɗai. A sa ranar da aka fara sallar Juma'a a masallacin gari, ranar da mota ta fara shigowa, ranar da 'yar gari ta farko ta gama sakandare, ranar da aka naɗa hakimi, ranar da mutane suka koma gida suka sake shuka. Su ma tarihi ne, kuma su ne za su nuna wa na baya cewa gari muke da shi kafin ya zama kanun labarai.

Masu yin "A Rana Irin Ta Yau" kuma, ku ci gaba, Allah Ya ƙara ƙarfin gwiwa. Sharaɗi biyu muke nema. Ku tabbatar da kowace rana a wuri biyu kafin ku saki, don kuskuren da aka yaɗa sau dubu wuyar gogewa gare shi. Sannan kowane jeri ya ƙunshi aƙalla abu ɗaya daga ƙasar Hausa. Idan an nema an rasa, a leƙa ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Arewa House a Kaduna, ko tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, ko a durƙusa gaban kaka.

A sashen sharhi, kowa ya ajiye mana rana ɗaya daga tarihin garinsu, da yadda ya san ta. Wanda ke da gyara kan abin da muka kawo, musamman malamanmu na tarihi da ke cikin zauren nan, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, na Alƙalawa da na hamada da na ƙauyukanmu. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.

Daga Kamarawa, ƙaramar hukumar Isa, jihar Sakkwato.